Gyaran da Na Yi wa Labarin Turare

Turare ake ce masa, kuma ba don ƙamshi ba. Yasar masai yake yi. In ramin bayan gidanku ya cika shi ake kira, ya zo da baro da bokiti da igiya, ya shiga ya kwashe abin da ku kanku ba kwa son waiwayawa ku kalla. 'Yan ajinmu ne suka laƙaba masa sunan don tsiya, shi kuma ya karɓa ba musu. Ya girme ni da shekara goma sha wani abu, kamata ya yi in ce masa Yaya ko Baba. Ni ma Turaren nake ce masa, har da ɗaga murya. Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka mutumin kirki ne yake ba da labarin nan.

Ni malamin firamare ne. Da safe yara, da yamma daga ƙarfe huɗu zuwa shida manya, a aji guda, a kan bencinan da aka yi wa 'yan shekara takwas. Sai ka ga ƙato da furfurarsa ya naɗe ƙafafu, gwiwa tana dungurar haɓa, yana ta fama da fensir. Ina da saurin fushi, wannan kowa ya sani. Ina da farar riga da jan biro, kuma duka biyun ina ji da su.

A shekarar da nake magana, jami'ar da ke kula da azuzuwan manya ta zo mana da sabon salo. Ta ce a ajiye tsohon littafin koyon baƙaƙe. Kowane ɗalibi ya ba da labarin rayuwarsa da bakinsa, malami ya rubuta a allo, ajin kuma ya koyi karatu da abin da aka rubuta. A ƙarshen shekara a buga labaran a ɗan littafi, a tara jama'a, kowa ya tashi ya karanta nasa. Abu ɗaya ta yi ta nanatawa: yadda mutum ya faɗa, haka za a rubuta, ba ragi ba ƙari. Na ce mata to. A raina kuwa na ce iyayin mutanen ofis ne ya motsa, kwana biyu zai wuce.

Bai wuce ba. Mutanen da suke gyangyaɗi a kan baƙaƙe sai ga su sun wartsake, don yanzu maganarsu ce a allo. Akwai wani mai gadi, sarkin barkwancin ajin, da ya ba da labarin ranar da ya kama ɓarawo ya tarar surukinsa ne. Sati guda muna karanta labarin nan muna dariya, kuma a satin ne rabin ajin suka fara haɗa kalmomi.

Ana cikin haka Turare ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa, dogo, siriri, da wata 'yar kujera ta katako a hammata. Bai shigo ba sai da ya yi tambaya.

"Malam, da gaske ne a nan ana buga maganar mutum a littafi?"

Na ce da gaske ne.

"Ko ta wane ne?"

Na ce, "Ko ta wane ne. Shigo ko ka tafi, kana tare mana haske."

Mai gadi ya san shi, don Turare ya taɓa yi wa maigidansa aiki. Ya toshe hanci da yatsu biyu ya ce, "Jama'a a buɗe tagogi, turare ya iso!" Aji ya kwashe da dariya, ni ma na murmusa. Mutumin ya yi dariyar shi ma, ya wuce can baya kusa da taga, ya ajiye kujerarsa ya zauna. Ba wanda ya ce masa can ne wurinsa, ba kuma wanda ya ce masa ga benci. Wallahi tsawon shekarar nan ban taɓa jin wari a jikinsa ba. Ƙamshin sabulu ne kawai, don sau uku yake wanka kafin ya zo, har fatar hannunsa ta yi fari-fari ta tsattsage. Amma in ya miƙo mini littafinsa, da yatsu biyu nake karɓa.

Karatu ya ba shi wuya. Yatsunsa sun saba da shebur, fensir bai kwana biyu a hannunsa sai ya karye. Sai dai yana da ƙwaƙwalwa ta ban tsoro. Sau ɗaya za a karanta abin da ke allo ya haddace shi tsaf, in ka tashe shi ya zuba maka kamar rediyo, yana bin layi da yatsa don ya rufe maka ido. Wata biyu ina yabonsa. Ranar da na gane, na goge kalma ɗaya a tsakiya na sa wata, na ce ya karanta. Ya wuce ta kanta bai ko tsaya ba. Kai! Ranar na yi faɗa har jijiyar wuyana ta tashi.

"Turare, ni za ka mayar sakarai? Abin da ke kan takarda za ka karanta, ba abin da ke cikin kanka ba! Ko ƙarya aka rubuta, ita za ka karanta. Shi ne karatu!"

Na buga rula a tebur har ta tsage. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji, Malam." Daga ranar kullum sai na maimaita masa, har 'yan aji suka mayar da ita waƙar tsokana. Shi kuwa ya riƙe ta da gaske. Ya koma baya, ya zama na ƙarshe a aji, yana tono kalma ɗaya-ɗaya, gumi na tsattsafo masa. Amma abin da yake yi yanzu karatu ne.

Rayuwarsa a allo na san ta, guntu-guntu, duk ranar da layi ya zo kansa. Mahaifinsu haƙar rijiya yake yi. Ya rasu Turare yana da shekara tara, uwar ta bi shi bayan shekara biyu, sai yayansa ya ɗauke shi. Yayan bai daɗe da aure ba a lokacin, ɗaki guda gare su, aka rataya labule a tsakiya. Matar yayan ce ta raine shi. Ita ta cire masa ƙwarƙwata, ita take ɓoye masa ƙanzon tukunya, ita ta dake shi ranar da ya fara zagi. Da famfo ya yawaita aka daina kiran masu haƙar rijiya, 'yan'uwan biyu suka duba abin da suka iya, shiga rami da fitowa, sai suka koma yasar masai. Ya ce ranar farko ya yi amai har ya ga jini, yayan ya dafa shi ya ce, "Gobe da sauƙi." Turare ya ce ƙarya ce, sai da aka yi shekara.

Ya koya mana yadda aikin yake. Ana buɗe murfin rami da sassafe a bar shi ya sha iska. Sannan a kunna fitila a zura da igiya. In ta mutu, akwai muguwar iska a ƙasa, ba a shiga. In ta ci gaba da ci, mutum ɗaya ya sauka, ɗaya ya tsaya a sama. Igiya biyu ake zuwa da su, ɗaya a ƙugun wanda ya sauka, ɗaya ta bokiti, kuma ta ƙugu ba a kwance ta ko me ake ciki. Ya ce a wasu gidajen in suka roƙi ruwan sha, ana ba su a tsohon gwangwani, in sun tafi a jefar da shi. Bai faɗi wannan da ɗaci ba, yadda ake faɗin sunan unguwa ya faɗe shi. Yana da mata da 'ya'ya mata uku, kuma a makarantar 'ya'yan an san shi a matsayin birkila.

Saura wata uku a rufe aji na ce kowa ya zaɓi labarin da za a buga masa. Ranar Turare ya tashi ya taho har gaban allo, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Malam, rubuta a hankali, wannan ba na son ko ɗaya ta faɗi." Na ɗauki alli.

Shekara shida da suka wuce aka kira shi da yayansa wani gida. Sun isa, suka sauke kaya, sai aka ga igiya ɗaya ce. Shi ne ya haɗa kayan, shi ya manta ta biyun a rataye a ƙusa. Ya ce zai koma ya ɗauko, mai gidan ya ce yana da baƙi da la'asar, in ba za su fara ba ya kira wasu. Yayan ya ce a bari, za su lallaɓa da ɗaya. Suka zura fitila, ta ci. Yayan ya sauka. Tunda igiya ɗaya ce, sai ya riƙa kwance ta daga ƙugunsa ya ɗaura wa bokiti, Turare ya ja ya juye, ya mayar masa. Bokiti na sha huɗu, shebur ya fasa ɓawon da ya daskare a ƙasa, iskar da ke kulle ta taso. Ya ji yayan ya ce, "Ƙane, ja." Ya ja da duk ƙarfinsa. Bokiti ne ya fito.

Ya sauka da kansa, ba igiya ba komai. Ya tuna ya kama rigar yayan, daga nan bai san komai ba. Maƙwabta ne suka zaro su da tsani. Shi ya farfaɗo, yayan bai farfaɗo ba. Da ya miƙe yana tangaɗi, idonsa jawur, harshensa ya karye, magana ba ta fita daidai, abin da iskar take yi wa mutum ke nan. Wani a cikin taron ya ce, "Ai a buge suke. Duk masu aikin nan sai sun sha suke iya shiga." Kafin a kai gawa gida maganar ta riga ta isa: wa da ƙane sun sha, ƙanen ya saki igiya.

"Rubuta, Malam," ya ce. "Yaya bai sha komai ba. Ni ban sha komai ba. Ban saki igiya ba. Amma ni na manta ta biyun, kuma ita ta kashe shi."

Na rubuta. Allon ya cika, na goge sama na ci gaba, ina kwafewa a littafina. Mai gadi ya tashi, ya je ya ɗauko 'yar kujerar daga bakin taga, ya ajiye ta kusa da bencinsa. Daga ranar a nan Turare yake zama.

Bayan an tashi ya tsaya jirana, ya gaya mini abin da ya kawo shi ajin tun farko. Matar yayansa, wadda ta raine shi, shekara shida ba ta yi masa magana ba. Ta yarda da abin da aka faɗa. In ya je gidan sai ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Sau biyu ta tsaya ta saurare shi, sau biyun bakinsa ya mutu, ya tsaya yana kallon ƙasa har ta gaji ta wuce. Kuma ko ya faɗa, bakin mai yasar masai ne a gefe guda, bakin unguwa duka a ɗaya gefen. Yanzu ga shi za ta tashi, ƙaninta zai zo ya tafi da ita da 'ya'yanta can garinsu mai nisa a ƙarshen watan da za mu rufe aji. Ya aika matarsa ta gaya mata cewa an rubuta yadda abin ya faru, za a buga shi a littafi, shi da kansa zai karanta a gaban manyan mutane. Matar yayan ta ce in dai a littafi ne, za ta zo ta ji. Sau ɗaya.

"Ba yafiya nake nema ba, Malam. Kawai kada ta tafi tana ganin mijinta mashayi ne."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, labarinsa yana hannuna. Haka na faɗa, da bakina.

Ni aka ba aikin buga labaran a tsohuwar kwamfutar ofishin makaranta. Ranar Asabar da hantsi na zauna, na buga na mai gadi ina dariya ni kaɗai, na buga na tela, na buga na mai wankin mota. Da na zo kan na Turare sai yatsuna suka tsaya. Jami'a ta ce manyan baƙi za su zo, har da masu ɗaukar hoto, za a raba lemo da biskit. A bangon littafin akwai sunana, an sa ni a matsayin wanda ya tattara. Na dubi kalmomin da ke littafina: masai, kashi, tsutsa, amai, gawa. Na hango wata babbar mace da kwalbar lemo a hannu tana yatsine fuska, tana tambaya wane malami ne ya bar wannan ya shiga littafi.

Ba wanda ya ce in gyara. Ina so a san wannan. Jami'a ba ta ce ba, shugaban makaranta bai ce ba. Ni ne na zaro jan birona.

Na fara da kaɗan. Yasar masai ta zama aikin tsaftar muhalli. Rami ya zama wurin aiki. Tunda ba rami, igiyar ba ta da inda za ta rataya, sai na cire ta. Maganar shaye-shaye kuma na ce ai abin kunya ne ga mamaci a tayar da ita a gaban jama'a, na cire. Har na yi wa kaina huɗuba cewa mutuncinsa nake karewa, 'ya'yansa mata ne, kada a riƙa nuna su. Shafi biyu da rabi suka koma rabin shafi, fes, ba abin da zai hana mutum shan lemonsa. Da zuciyata ta ɗan tsunkule ni, sai na ba ta amsa: ai Turare ya haddace labarinsa, in ya tashi zai riƙe littafin ne kawai ya zuba daga ka, matar yayan ta ji abin da ta zo ji, baƙi kuma su tafi gida da littafi mai tsabta. Kowa ya samu. Na ji daɗin wayona har na yi fito a hanya.

Satin ƙarshe Turare ya yi ta bitar labarinsa daga kwafin hannu da na ba shi tun farko, yana bin kalma ɗaya-ɗaya. Kullum sai ya tambaye ni ko littafin ya fito. Kullum in ce saura kaɗan. Sau biyu na buɗe baki zan gaya masa, sau biyun na kama wata magana. Littattafan ba su iso daga wajen masu bugawa ba sai ranar taron da azahar, a cikin kwali, aka raba wa ɗalibai suna kan layi.

An yi taron a babban ɗakin makaranta, an jera kujerun roba, an ɗaura lasifika. Turare ya zo da sabuwar riga mai ruwan toka, har layin guga yana nan. Ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Ta zo, Malam. Ga ta can baya, kusa da ƙofa."

Na waiga. Wata 'yar ƙaramar dattijuwa ce, ta zauna a bakin kujera ba ta jingina ba, jakarta a cinya, ta riƙe ta da hannu biyu. An miƙa mata lemo ta girgiza kai.

Mai gadi ya karanta nasa, ɗaki ya ɗauki dariya. Tela ya karanta. Sai aka kira Turare da sunansa na gaskiya, har na ɗan yi mamakin wanda ake nufi. Ya hau, ya buɗe shafi na goma sha ɗaya, ya ɗora yatsa a kan layin farko. Labarinsa yadda ya faɗe shi ya fara ne da "Ni mai yasar masai ne, kuma ɗan mai haƙar rijiya." Ya buɗe baki, ya ce "Ni," sai ya tsaya. Ya matso da littafin kusa da idonsa. Ya juya shafin gaba, ya ga sunan wani, ya dawo. Sannan ya ɗago ya neme ni a cikin mutane har ya same ni.

Da na so, da na ɗaga masa hannu. Da na tashi na ce a dakata, an yi kuskure, kuskuren kuma nawa ne. Da ko kai na gyaɗa masa. Ina zaune tsakanin jami'a da shugaban makaranta, da farar rigata. Na sunkuya ina kallon takalmina.

Shekara guda ina dukan tebur ina gaya masa abin da ake kira karatu, kuma ya ji. Ya mayar da yatsansa kan layi.

"Ni ma'aikacin... tsaftar... muhalli ne."

A hankali, kalma bayan kalma, yana tsayawa a kan dogayen ya tono su, don bai taɓa ganinsu ba. Cewa yana alfahari da sana'arsa. Cewa tsafta tana kare lafiyar al'umma. Cewa yana da ɗan'uwa da suke aiki tare, wanda Allah ya yi wa rasuwa a bakin aiki, Allah ya jiƙansa. Cewa yana godiya ga waɗanda suka kawo wannan shiri. Wannan ta ƙarshen ma ni na ƙara ta. Gumi ya jiƙa sabuwar rigar har baya. Bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Aka yi tafi sosai, ya fi na kowa. Jami'a ta sunkuyo ta ce mini a kunne, "Malam, ka ga wannan? Wannan karatu yake yi na gaske, ba hadda ba. Ka yi ƙoƙari." Na ce na gode. Wallahi na ce na gode. Ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige, amma bakina ya ce na gode.

Da na iya waigawa, dattijuwar tana tsaye. Ta ɗan jima a haka, kamar tana jira ko akwai saura. Mai gabatarwa ya kira suna na gaba. Ta gyara mayafinta, ta rataya jaka, ta fita. Turare yana kan matakala yana kallonta, littafin a buɗe a hannunsa, bai bi ta ba.

Bayan an watse ina tattara kujeru don kada in haɗa ido da kowa, sai ga mai gadi. Bai yi barkwanci ba. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Malam, mu fa muna nan ranar da ya faɗa." Ya wuce. Sannan Turare ya zo ya tsaya a gabana. Na shirya wa zagi, har ina fatan ya zage ni, don in ya ɗaga murya na san yadda zan yi da shi.

"Malam, na karanta daidai?"

Na ce, "Daidai."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki 'yar kujerarsa da ke jingine a bango, ya tafi.

Kwana tara na yi ban neme shi ba. Kullum in ce gobe. Na yi wa matata faɗa a kan gishiri, na kori yaro daga aji a kan tari, duk wanda ya gifta ta gabana ya sha. A rana ta goma na ɗauki littafina mai ɗauke da labarin yadda ya faɗe shi, na tambayi gidansa. Matarsa ta ce yana wajen aiki, ta kwatanta mini.

Da rana tsaka na same shi a bayan wani gida, a wani lungu. Tun daga bakin lungun warin ya tare ni, idona ya kawo ruwa. Na kai hannu aljihu zan ciro hankici, sai na bar shi. An buɗe ramin tun da safe ana jira ya gama shan iska, abokin aikinsa ya tafi neman ruwa. Shi kuwa yana zaune a inuwar katanga a kan bokitin da ya kife, ya wanke hannuwansa har gwiwar hannu, ya ɗora wani littafin rubutu a cinya, da guntun fensir.

Ya miƙe da ya gan ni. Na ce ya zauna don Allah. Na ce masa Yaya, karo na farko, kalmar ta yi mini nauyi a baki. Na gaya masa duk abin da na yi da dalilin da ya sa na yi, ban rage ba. Na ce ga labarin nan na asali, ya tashi mu je wajenta yanzu, in tsaya a ƙofarta in ce ni ne na ɓata, in karanta mata da bakina, ko shi ya karanta.

Ya bar ni na gama.

"Ta tafi, Malam. Shekaranjiya ƙaninta ya zo da mota."

Na ce zan sa a sake buga littafin, zan je wajen jami'a in faɗi gaskiya. Ya ce to, hakan ma yana da kyau, amma bai ce da wani ɗoki ba. Ya dubi littafin da ke cinyarsa.

"Wasiƙa nake rubuta mata. Babbar 'yarta ta iya karatu, za ta karanta mata. Akwai direban da ke zuwa can duk sati. Kwana takwas ke nan ina yi, na kai wajen da muka zura fitila."

Na hango shafin daga inda nake tsaye. Manyan baƙaƙe ne a karkace, wasu sun hau layi wasu sun faɗo, ga gurbin gogewa baƙi-baƙi, takardar har ta huje a wuri guda. Ko daga nesa na ga kurakurai uku. Shekara goma sha tara ina koyarwa, hannuna ya saba, ban san lokacin da na miƙa shi ba.

"Kawo in duba maka."

Ya rufe littafin a hankali, ya ɗora tafin hannunsa a kai. Ba fushi a fuskarsa, da ladabi ya faɗa, yadda ya saba yi mini magana.

"A'a, Malam. Wannan ba sai ka duba ba."

Na janye hannuna. Abokin aikinsa ya dawo da ruwa, ya gaishe ni, suka kunna fitila. Na ɗan tsaya, ba wanda ya ce in tafi, ba kuma abin da zan yi a wurin. Sai na yi musu sallama.